Ɗakin Kara Ba Ya Son Wuta: Kira Ga 'Yan'uwana Kiristoci A Kan Harshe

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Kiristoci na jihar Katsina a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke sarrafa harshenmu a zaman yau da kullum. Na san mafi yawan masu karanta wannan jarida Musulmi ne, kuma da gangan na zaɓi in yi maganar a gabansu, domin su ne maƙwabtanmu da abokan cinikinmu, su ne kuma suke jin abin da ke fita daga bakinmu tun daga Litinin har Asabar, bayan an tashi daga sujada a majami'a an cire kayan Lahadi an ninke. Ni malamin firamare ne da ya yi ritaya, haifaffen ƙasar Malumfashi, na kuma daɗe cikin dattawan ikilisiyarmu a nan birnin Katsina. Abin da zan faɗa, wani na gan shi da idona, wani kuwa ni ne na aikata shi.

Kowa ya san kirarin garin nan: ta Dikko ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba. Sarki Muhammadu Dikko ya rasu tun 1944, amma har yau in Bakatsine ya ji wannan kirari sai ka ga ya gyara zama. Kara ita ce mutum ya danne abin da yake da ikon yi ko faɗa saboda ganin girman wani, alhali ba a tilasta masa ba. Kirarin ya raba abubuwa biyu da mai kallo daga nesa zai iya ɗauka abu ɗaya ne, domin mai kunya da mai tsoro duka sukan yi shiru, sai dai abin da ya rufe bakin wannan daban yake da abin da ya rufe bakin wancan. A kan wannan bambanci nake son in tsaya, domin ina ganin yawancin kamun bakin da mu Kiristocin nan muke taƙama da shi tsoro ne ya haife shi.

Akwai dalilin da ya sa haka, kuma ba na raina shi. Waɗanda suka kai shekaruna ba su manta da watan Maris na 1987 ba, lokacin da saɓani a kan kalmomin da aka furta a wani taron ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya zama tarzoma, tarzomar kuma ta bi hanya har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, wadda a lokacin ba a ma raba ta da jihar Kaduna ba sai a watan Satumba na wannan shekarar. Mutanen da ba su ji abin da aka faɗa ba, ba su kuma san wanda ya faɗa ba, su ne suka kwana cikin fargaba, wasu suka rasa dukiya, wasu suka rasa rai. A 2002 kuma wani rubutu a jarida ya jawo asarar rayuka masu yawa a Kaduna. Tun daga nan kowane Kirista mai hankali a Arewa ya koyi auna magana in yana gaban wanda ba addininsu ɗaya ba, muna kuma koya wa 'ya'yanmu haka kafin mu tura su makaranta. Wannan daidai ne, ina ma a ce kowa na kowane ɓangare yana yin haka. Tambayata ita ce: ina wannan awon yake tafiya in mutum ya shiga gidansa ya rufe ƙofa?

Na san magidanta da in ka gan su a ofis ko a kasuwa za ka ce zuma ce a bakinsu, amma matansu ba su taɓa jin sannu da aiki daga gare su ba, sai dai tsawa a kan gishirin miya a gaban 'ya'ya da baƙi. Na san iyaye mata masu jan waƙa a zumuntar mata, waɗanda in yaro ya fasa kofi sai su kira shi da sunayen da ba zan iya rubutawa a jarida ba, har su haɗa da yi masa baki. An daɗe ana tsokanar Katsinawa da cewa ashar a wurinmu kamar gaisuwa ce, mu ma mukan yi dariya mu ce ai ba ya kai zuci. Wataƙila tsakanin tsara da tsara ba ya kaiwa. Amma yaro ɗan shekara bakwai bai san wannan ba, abin da uwarsa ta kira shi da shi, shi yake ɗauka cewa shi ne. In mutum yana iya riƙe bakinsa a gaban wanda zai iya rama masa, amma ya sake shi a kan wanda ba shi da yadda zai yi, to lissafi yake yi, yana duba inda hatsari yake ya kauce. Kamun kan da Manzo Bulus ya lissafa a cikin wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, sura ta 5, tare da ƙauna da haƙuri da kirki da tawali'u, an kira shi abin da Ruhu yake haifarwa a cikin mutum, kuma itacen da ke ba da 'ya'ya ba ya duba wanda ke tsaye a gindinsa kafin ya zubar.

Ba mu da uzurin cewa ba mu sani ba. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma da wuya a sami abin da ya yi magana a kai filla-filla kamar harshe. Wasiƙar Yakubu ta kwatanta shi da linzami a bakin doki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin Kangiwa ranar hawan Sallah ya ga wannan da idonsa: ingarma ya taho a sukwane kamar zai tattake jama'a, mahayi ya ja ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba, dokin ya tsaya cik a gaban Sarki. Ƙarfin dokin yana nan bai ragu ba, an dai mallake shi. Sannan wasiƙar ta kwatanta harshe da 'yar wutar da ke cinye babban kurmi. Mu da muka taso a ƙauye mun san yadda yara masu farautar gafiya a lokacin hunturu sukan kunna wuta a bakin rami ɗaya, iska ta kwashe ta, kafin la'asar karan dawan mutum goma da harawarsu sun zama toka. 'Yan kasuwar da gobarar watan Maris na 2021 ta cinye wa shaguna a babbar kasuwar Katsina su ma ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Ɗakin kara kuwa, ko ta wace ma'ana aka ɗauki kalmar, ba ya son wuta.

Amma ayar da ta fi hana ni barci a wannan wasiƙa ita ce wadda take cewa da harshe ɗaya muke yabon Ubangiji, da shi kuma muke zagin mutanen da aka halitta cikin kamannin Allah, alhali maɓuɓɓuga ɗaya ba ta fitar da ruwan daɗi da na zartsi. A sura ta farko ma Yakubu ya riga ya ce wanda yake ganin kansa mai addini ne amma bai kame bakinsa ba, addininsa banza ne. Bai ce addininsa ya ragu ba. Kalmar tana da nauyi, kuma ban cika jin ana wa'azi a kanta ba kamar yadda ake yi a kan baiko da zakka.

A nan ya kamata in faɗi nawa. Shekaru da yawa da suka wuce, ina koyarwa a wata makarantar ƙauye, akwai wani yaro a ajina mai i'ina. Wata rana na fito daga gida da ɓacin rai a kan abin da bai shafe shi ba, na ce ya tashi ya yi karatu, harshensa ya sarƙe a kan wata kalma, ya yi ta maimaita farkonta ya kasa wucewa. Maimakon in jira shi, sai na kwaikwayi yadda yake faɗa. Aji ya fashe da dariya. Kafin a tashi tara wannan guntuwar kalma ta zama sunansa, daga makaranta ta shiga gari, shekara ba ta zagayo ba ya daina zuwa. Ban zage shi ba, ban ɗaga masa bulala ba, abin bai fi ƙiftawar ido ba, kuma ranar Lahadin da ta biyo baya na tsaya a gaban yara a makarantar Lahadi na koyar da su ba tare da zuciyata ta tsaya a kan abin ba ko kaɗan. Na ɗauke shi wasa. Sai da girma ya zo na gane cewa wasa yana tsakanin waɗanda ke iya mayar wa juna, kamar taubasai ko kaka da jika, amma malami da ɗalibi mai i'ina a gaban yara arba'in babu wasa a tsakaninsu.

Akwai kuma wata cuta da ta fi kama mu masu zuwa majami'a, domin ta iya sa rigar ibada. Ita ce gulmar da ake shigowa da ita da sunan roƙon addu'a. Mutum zai miƙe a taron addu'a ya ce a tuna da gidan wane, domin ya ji cewa 'yarsu kaza da kaza, ko mijin wance an gan shi a wuri kaza, sai kowa ya sunkuyar da kai, amma kunnuwa sun riga sun ɗauka, kafin dare labari ya gama unguwa. Na ga auren da aka riga aka sa wa rana ya watse ta wannan hanya, daga baya aka gane zancen ba shi da tushe, amma yarinyar ta riga ta bar garin don kunya. Mu dattawa ma ba mu kuɓuta ba, domin abin da mutum ya kawo mana a asirce yana neman taimako, wani lokaci kafin mako ya ƙare matanmu sun ji, daga nan kuwa sai abin da hali ya yi. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Littafin Karin Magana, sura ta 26, shi ma ya nuna cewa in babu itace wuta takan mutu, in babu mai kai-kawo da zance faɗa yakan kwanta. Allah da muke roƙo ya san sunan mai damuwar da irin damuwarsa, bai bukaci mu karanta wa jama'a ba.

Wayar hannu ta ƙara wa abin fiffike. A da mai tsegumi sai ya taka da ƙafarsa gida gida, yanzu kuwa yana kwance a ɗaki zai tura murya ɗaya a WhatsApp ta shiga ɗaruruwan wayoyi, kuma wanda ya danna ya tura gaba yana jin kamar ba shi ya faɗa ba. Shi ya faɗa. Wannan ya fi tsanani a kan matsalar 'yan bindiga, wadda ta addabi yankunan Jibiya da Batsari da Faskari da Ƙanƙara da wasunsu, ta kuma taɓa Musulmi da Kirista ba tare da ta tambayi kowa addininsa ba; ɗaruruwan ɗaliban da aka sace a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 sun isa shaida. Baƙin cikin mutanenmu na ƙauyuka gaskiya ne, wanda aka kashe masa ɗa ko aka karɓe masa shanun noma ba za a hana shi kuka ba. Amma nakan ga saƙonni a zaurukan 'yan majami'a da ake yi wa ƙabila guda kuɗin goro, ana kiran kowane Bafillace ɓarawo, har da mai tallan nonon da ta shekara ashirin tana kawo mana fura ƙofar gida, wadda wataƙila ita ma an kore mata garke. Nakan ga hoton gawarwaki daga wata ƙasa an ce jiya ne a ƙauye kaza. Wanda ya tura irin wannan bai bincika ba ya yi shaidar zur, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya yi, kuma hana shaidar zur yana cikin Dokoki Goma da muke sa yara su haddace.

Na san abin da wasu matasanmu za su ce, domin sun sha faɗa mini a fuska: Baba, wannan haƙurin naku ne ya sa ake taka mu, in an hana mu filin gina majami'a ko an danne ɗanmu a wurin ɗaukar aiki sai ku ce a yi shiru. Ina jin zafin da ke cikin wannan magana, kuma ban ce a yi shiru ba. Lokacin da wani dogari ya mari Yesu a gaban babban firist, kamar yadda yake a Bisharar Yahaya sura ta 18, bai yi shiru ba, bai kuma yi zagi ba. Ya nemi a nuna masa laifin abin da ya faɗa, in kuwa babu laifi a gaya masa dalilin marin. Annabi Natan ya shiga har fada ya gaya wa Sarki Dawuda laifinsa ƙiri-ƙiri, amma sai da ya san ta inda zai ɓullo masa, ya fara da labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa har sarkin ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. Gaskiya ɗaci gare ta, shi ya sa ba ta bukatar a ƙara mata barkono. Wanda ya je gaban hukuma da hujja da ladabi ya nemi haƙƙinsa, ya koma gobe, ya koma jibi, ya fi ƙarfin wanda ya zauna a Facebook yana zagin iyayen mutane, domin na biyun ya ba abokin gabarsa damar barin zancen haƙƙi ya koma zancen zagi. Mu kuma ba baƙi ba ne a ƙasar nan da za mu riƙa magana kamar masu shirin tashi gobe. Kakanninmu a nan aka binne su, kuma a 2023 da aka kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina, ɗan Malumfashi ne, Bishop Gerald Mamman Musa, aka naɗa ya jagorance shi. Mai gida ba ya jefa garwashi a rufin da shi ma yake kwana a ƙarƙashinsa.

A tsakaninmu kuwa an riga an shimfiɗa mana hanya a Bisharar Matiyu sura ta 18: in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka je ka same shi ku biyu kaɗai, in bai ji ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai ga ikilisiya. Mu mun juya tsarin, muna farawa da jama'a, mai laifin shi ne na ƙarshen ji. Har a kan bagade, inda ake tsayawa a yi wa'azi, wani lokaci ana habaici da gugar zana, mai wa'azi ya ɗauki aya ya nufi mutum ɗaya da ita, kowa ya san da wa ake, shi kuwa ba shi da bakin amsawa. Zuwa wurin mutum ido da ido ya fi wuya ƙwarai, shi ya sa muke gudunsa, kuma a nan ma tsoro ne yake aiki.

Kada kuma a ɗauka kamun baki ya tsaya ga barin mugun zance. Akwai gidajen da ba a zagi, amma ba a yabo, ba a godiya, ba a ban haƙuri, an yi shiru irin na makabarta. Bulus ya gaya wa Kolosiyawa maganarsu ta kasance da alheri kullum, kamar abincin da aka sa wa gishiri, ya kuma gaya wa Afisawa su riƙa faɗin abin da zai gina mai ji. Almajirin da ya tsaya a ƙofar gidanka, in ba ka da abin ba shi, Allah ya ba da haƙuri ba ta cin ko kwabo, kuma ta bambanta da korar kare. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana yi muku aiki tana da suna, ba ke ba ce sunanta. Mai kabu-kabu da ya yi kuskuren hanya, da ma'aikaciyar jinya da ta kwana a tsaye, da yaron shago da ya ɓata lissafi, kowannensu zai koma gida da abin da ka gaya masa. Wani maƙwabcina Musulmi, wanda muka yi shekaru muna zama a dakali ɗaya da yamma, ya taɓa gaya mini cewa a cikin hadisi an umarci wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan iyalinsa ba, katangarmu kuwa ɗaya ce. Nakan tambayi kaina abin da shi yake ji daga nawa ɓangaren.

Ba na tsammanin dabara kaɗai za ta gyara wannan, domin Yesu ya ce daga abin da ya cika zuciya baki yake magana, tulu kuwa abin da ke cikinsa yake tsatsowa. Wanda ya tara ƙiyayya da raini, ko ya ɗaure bakinsa da igiya, wata rana za su ɓullo. Duk da haka akwai abin da ke hannunmu. Ina roƙon fastoci da shugabannin zumuntar mata da ta matasa su hana kawo sunan mutum da asirinsa a taron addu'a sai da yardarsa, su kuma sa ido a kan zaurukan waya da ke ɗauke da sunan majami'a, musamman in lokacin siyasa ya ƙarato. Ina roƙon iyaye su koyi ce wa 'ya'yansu ka yi haƙuri na yi kuskure, domin yaron da bai taɓa jin wannan daga babba ba, ba zai iya faɗarsa ga matarsa ba in ya girma. Kafin mu matso ga Jibin Ubangiji kuma, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, mu tuna Yesu ya ce wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana game da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna.

Wannan umarni ne ya kai ni neman ɗalibin nan nawa. Na same shi a nan cikin birni, ya zama bakanike, yana da garejinsa da yara masu koyon aiki a ƙarƙashinsa, da mata da 'ya'ya. Na ja shi gefe na tuna masa abin da ya faru, na roƙe shi gafara. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma bai ce komai ba, sannan ya ce, Malam, ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na gaskata shi. Amma muna cikin maganar wani ya leƙo daga bakin titi ya ƙwala masa kira da wannan sunan, shi kuma ya amsa, domin da shi kowa ya san shi, har masu kawo masa aiki daga wasu garuruwa. Tun daga ranar can nake kai masa babur ɗina ko da abin da ya lalace bai taka kara ya karya ba, kuma in na isa nakan yi sallama in kira shi da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. Zuwana na farko bayan wannan, sai da ɗaya daga cikin yaransa ya tambaye ni wa nake nema.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani malamin firamare mai ritaya,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.